Shanun Cikin Taswira

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau aka fara. An tattaro mu malaman firamare daga Gwiwa da Roni da Babura da 'Yankwashi, an zuba mu a wani dogon ɗaki a Kazaure, wai kafin hutu ya ƙare mu iya kwamfuta, in an koma makaranta mu koya wa yara. Kwamfuta ɗaya mutum biyu. Mata suka haɗa kansu bibbiyu, ni na yi saura, sai aka ajiye ni kusa da wani dattijo ɗan Roni, Malam Falalu. Ya dube ni ya ce, "Jikata, shekara biyu ta rage mini in yi ritaya. Ban san abin da na yi wa gwamnati ba."

Mai koyar da mu Malam Sharfuddeen ne, ɗan Babura, saurayi mai sanyin murya. Ya ɗaga wani abu mai wutsiya ya ce sunansa maus, da shi ake nuna wa kwamfuta abin da ake so. Malam Falalu ya ɗauki namu ya saita fuskar kwamfutar da shi kamar rimot, yana dannawa yana tsaki. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, sai daga baya na tuna rabona da dariya tun ranar fadama.

Ban so zuwa ba. Yayana Hamma ya kora shanunmu ya yi arewa tun asubar da ta biyo bayan abin da ya faru, bai sallami kowa ba. Sama'ilu maƙwabcinmu, mai gonar fadamar, wanda suka yi faɗa da Hamma a ranar, yana kwance a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Amma Kawu Daudu ya ce in tafi, zamana a gida ba zai dawo da kowa ba.

Na sauka gidan Gwaggo Tasalla. Na kira Shatu, matar Hamma, ita na bari da Inna. Ta ce Inna ta kurɓi kunu ta ture kwanon.

Wayar Hamma a kashe.

Talata, 5 ga Agusta, azahar

Yau rubutu. Haruffan a watse suke, babu wanda ke kusa da ɗan'uwansa. A tana nan, B ta yi nata wuri can ƙasa. Ni da nake koya wa 'yan aji ɗaya a-ba-ca-da, sai ga ni ina farautar harafin S da ɗan yatsa ɗaya. In na koma ba zan ƙara yi wa yaro tsawa don ya tsaya neman harafi a allo ba.

Malam ya ce kowa ya rubuta sunansa, sannan sunan wani nasa. Na rubuta Sadiyya. A ƙasa na rubuta Muhammadu Lawal, na daɗe ina kallonsa. Sunan Hamma ne na yanka, amma a gidanmu ba a jin sa. Mu ƙanne Hamma muke cewa, Shatu ba ta faɗin sunan miji, Inna kuwa ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mai shanun nan". Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta tambayar lafiyarsa. In ya dawo daga kiwo da yamma sai ta kawar da kai ta ce wa bango, "Shanun sun sha ruwa?" Shi ma ya ce wa bangon, "Sun sha." Iyakar hirarsu ke nan shekara da shekaru. Ni kuwa auta, sunana ba ya hutawa a bakinta.

Akwai wani maɓalli mai goge harafi ɗaya-ɗaya daga baya. Da shi na goge.

Laraba, 6 ga Agusta, magariba

Shatu ta ce ko fura Inna ta ƙi. Ba ta ce komai a kan Hamma ba. Ba za ta ce ba.

A kashe.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

An shigar da mu intanet. Malam Sharfuddeen ya ce kasuwa ce wadda ba ta tashi, akwai kayan kirki akwai na banza, kada mu yarda da duk abin da muka gani. Na gyaɗa kai sosai, har ya nuna ni ya ce ga mai fahimta.

Sai ya buɗe mana taswira. Ba irin ta bangon aji ba ce. Hoton ƙasa ne daga sama, daga tauraron ɗan'adam, in ka murza 'yar tayar da ke bayan maus sai ƙasa ta taso maka. Ya nuna mana Kazaure, ga dam, ga duwatsu, ga kwanon rufin ɗakin da muke zaune. Malam Falalu ya ɗaga kai ya dubi silin ya ce, "To, Allah ya rufa mana asiri."

Da aka fita cin abinci ban fita ba. Na bi titi daga Kazaure zuwa Babura, na tsallake wani siririn layi da aka rubuta Nijar a bayansa, na nemi burtalin da Baffa, mahaifinmu, yake bi da shanu da damina lokacin yana raye. Akwai wani tafki can wanda Hamma ke yawan ba mu labarinsa. Taswirar tana ta kuɓuce mini, ina dawowa.

Na same shi. A bakinsa ta gabas ga fararen ɗigo-ɗigo a baje, wasu a cure, wasu sun ware. Wanda ya tashi cikin shanu ba sai an gaya masa ba. Farfaru ne irin namu.

Na ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayata. Na fita bakin ƙofa na kira Shatu na ce, "Ki gaya wa Inna na ga shanun. Suna bakin tafki." Na ji ta yar da wani abu ta ruga.

Juma'a, 8 ga Agusta, gida, bayan an sauko daga masallaci

Ba karatu Juma'a zuwa Lahadi, don haka na hau acaba na taho. Gero ya rufe hanya, taɓo har gwiwa a kwarin da ke kafin gari.

Inna ta rame, wuyanta duk jijiya. Na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da fuska, ta ƙanƙance ido. Ta ce, "Wancan da ya ware, mai jan kunnen ne. Halinsa ke nan, ba ya son jama'a." Muka yi dariya ni da Shatu.

Amma na ga ɗan yatsanta. Ba kan shanun yake ba. Gefen garken yake bi a hankali, gindin kowace bishiya, duk inda makiyayi zai iya tsayawa. Ta zagaya ta sake zagayawa. Ba ta tambaya ba, ni ma ban ce ba a ganin mutum ba. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Tunda suna bakin ruwa, sun sha."

Ta ci rabin malmalar tuwo da miyar kuka, har ta ce a ƙara man shanu.

'Yan sandan nan masu neman Hamma sun sake zuwa da motarsu. Kawu ya tare su a waje. Ban tambaye shi ba.

Litinin, 11 ga Agusta, azahar

Yau yadda ake adana aiki a folda don kada ya ɓace in an ɗauke wuta. An ɗauke wutar kuwa, kafin a tayar da janareta rabin ɗaki ya yi asarar rubutunsa. Nawa yana nan.

Na leƙa tafkin. Suna nan. Na gaya wa Shatu.

Talata, 12 ga Agusta, la'asar

An buɗe wa kowa imel. Malam ya ce kalmar sirri ko matarka kada ta sani. Malam Falalu ya rubuta tasa yana karanta ta da ƙarfi harafi-harafi, yanzu duk malaman ƙananan hukumomi huɗu sun san sunan akuyarsa.

Suna nan. Inna ta sha fura, ta share tsakar gida.

Laraba, 13 ga Agusta, magariba

Suna nan. Mai jan kunnen yana tsaye inda yake tun ranar Alhamis. Na ce wa kaina wurin ne yake da ciyawa.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Falalu ya ce yau shi zai riƙe maus, yana so ya ga gidansa a Roni. Na taimaka masa muka samo. Ya matso da fuska, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, "Jikata, darbejiyar nan ta ƙofar gida, ni na sa aka sare ta bara waccan, saiwarta tana fasa mini katanga. Ga ta a tsaye." Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku. "Malam, na'urar taka matattu take tayarwa ne?"

Malam Sharfuddeen ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba kai tsaye ake kallo ba. Tsofaffin hotuna ne aka ɗinke. Wani na bara ne, wani ya fi haka nesa. Laifina ne, da na faɗa tun ranar farko."

Kowa ya ce oho. Aka wuce darasi na gaba, ban san na mene ne ba.

Da aka tashi na koma tafkin. Sai yau idona ya ga abin da ke gabansa. Ƙasar ja ce, babu ɗigon kore, ruwan ya janye ya bar busasshiyar laka. Rani ne. Mu kuwa muna tsakiyar Agusta, ko jiya sai da ruwa ya jiƙa ni a hanya. Shanun wani ne, na wata shekara. Wataƙila ma an daɗe da cinye su.

Na ji kunya, na ji tsoro. Tsoron ya fi yawa.

Juma'a, 15 ga Agusta, gida, la'asar

Tun kafin in cire takalmi Inna ta ce, "Suna nan?"

Na ce, "Suna nan."

Fuskarta ta ɗan ciko. Ta dama mini fura da hannunta.

Asabar, 16 ga Agusta, hantsi

Ruwa tun asuba. A kashe.

Litinin, 18 ga Agusta, azahar

Kawu ya kira. Sama'ilu ya buɗe ido, ya gane matarsa, ya nemi shayi. Na fita bayan ɗakin karatu na zauna a kan wani bulo, na yi ta alhamdu lillahi har bakina ya gaji. Sai kuma na tuna. Wanda ya fi kowa buƙatar jin labarin nan shi ne ba mu da hanyar gaya masa. Yadda ya bar Sama'ilu a fadama, na san abin da yake zato.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Kwana biyu ban buɗe taswira ba. Malam Falalu ya lura. Ya ce, "Jikata, kin daina zuwa Nijar?" Na so in mayar da wasa, sai hawaye ya riga ni. Na gaya masa iya abin da zan iya faɗa. Bai tambaye ni sauran ba, Allah ya saka masa. Ya kira Malam Sharfuddeen.

Malam ya ce yayansa dillalin shanu ne a kasuwar Babura, suna da ƙungiya a waya, dillalai da makiyaya na nan da na tsallake, har masu ciniki da sefa. Saƙo in ya shiga, kafin yamma ya kai Magarya ta Nijar. Amma ya ce rubutu ba zai yi ba, yawancinsu ba sa karantawa, sai murya. Ya koya mini. Ki danna alamar nan ki riƙe, ki yi magana, da kin saki ya tafi.

Na yi nawa nan take. Na ce ni ƙanwarsa ce, na faɗi sunansa, na ce ya dawo, an samu sauƙi.

Juma'a, 22 ga Agusta, gida, magariba

Na gaya wa Inna gaskiyar hoton.

Tana tsefe wa 'yar Shatu kai, ba ta daina ba. Da na gama ta ce, "Na ga ƙasar ba kore. Na ce ko idona ne." Shi ke nan. Da ta yi mini faɗa da na fi jin daɗi.

An kawo tuwo, ta ce a rufe.

Asabar, 23 ga Agusta, la'asar

Sama'ilu ya zo, an riƙo shi, kansa a naɗe. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, ni ba ni na kai ƙara ba. Ni da Lawal tare muka yi wasan ƙasa. Abin da ya faru ya faru, ni ma ba zan ce bakina bai yi yawa ba." Da ya ambaci sunan sai Inna ta juya fuska bango. Ta ce a kawo masa nono.

Kawu ya ce an zauna gaban Ardo da Dagaci, magana ta mutu, mutanen motar ma ba za su sake zuwa ba.

Dillalin Babura ya aiko da amsa. Ya ce saƙona ya zagaya, babu wanda ya tanka. Ya ce kada in ji haushi, makiyayi ba ya nuna ɗan'uwansa don wata ta ce ita ƙanwarsa ce, ai kowa zai iya ɗauko yarinya ya sa ta faɗa. Ya ce in da mahaifiya, a sa muryarta.

Lahadi, 24 ga Agusta, hantsi

Inna ta yarda, bayan Kawu ya sa baki. Na danna na riƙe. Ta yi gyaran murya ta ce da Fillanci, "A gaya wa mai shanun nan ya dawo." Na jira. Ta ce, "Saki mana."

Na hau dutsen bayan gida inda data ke kamawa, ya tafi.

Talata, 26 ga Agusta, azahar

Dillali ya amsa, yana dariya amma da tausayi. Ya ce, "Malama, duk wanda ke ƙungiyar nan mai shanu ne. Wanne za mu kai wa? Tun jiya mutum uku sun kira iyayensu mata suna tambaya ko lafiya."

Shatu ta ce Inna ta daina fitowa tsakar gida. Sallah ma a zaune.

Alhamis, 28 ga Agusta, la'asar

An rufe. An ba mu takardar shaida, an ɗauki hoto. Yanzu na iya kunnawa da kashewa, na iya rubutu da yatsa biyu, na iya bincike, na iya aika imel. In Allah ya kai mu, 'yan aji shida zan fara koya wa, kuma ranar da zan nuna musu taswira abin da zan fara faɗa shi ne tsohon hoto ne.

Malam Falalu ya aika imel ɗinsa na farko, kuma ni ya aika wa, ga ni zaune kusa da shi. Ya rubuta, Allah ya bayyana shi. Ya ɗauki lokaci mai tsawo yana neman harafin Y.

Juma'a, 29 ga Agusta, gida, bayan la'asar

Ba ni na roƙi Inna ba. Shatu ce. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ban isa in ce ki yi ba. Amma in ya ji sunansa a bakinki, zai san ba tarko ba ne. Duk duniya babu mai iya sa ki faɗa, shi ma ya sani." Ta faɗa tana kuka ta fita.

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce a kwashe yara a kai su gidan Kawu. Ta ce in saki labule. Ta ce, "Ke ma da abin nan zai yi ba ke, da kin fita."

Ta juya ta fuskanci bango. Na miƙa wayar ta kan kafaɗarta, na danna na riƙe. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ɗan yatsana ya fara ciwo, ban saki ba.

"Muhammadu Lawal," ta ce. Muryar ta fito a shaƙe kamar ba tata ba. Ta haɗiye yawu ta sake, wannan karon a fili. "Muhammadu Lawal na rugar Gwiwa. Ni ce na haife ka. Sama'ilu ya tashi, ya sha nono a gidan nan. Ka dawo."

Na saki.

Ba ta juyo ba. Na fito na hau dutse. Daga sama ana ganin fadama, shinkafa ta yi kore shar. Na tsaya har alamar ta nuna ya tafi.

Lahadi, 31 ga Agusta, magariba

Shiru. Inna ba ta haɗa ido da ni. Kamar na gan ta ba zane.

Talata, 2 ga Satumba, azahar

Shiru. Dillali ya ce saƙon ya wuce Magarya, wani tsoho ya saurara ya cire hula.

Laraba, 3 ga Satumba, hantsi

Ina wanke-wanke waya ta yi ƙara. Doguwar lamba ce, irin ta Nijar. Na goge hannu a zane na ɗauka. Iska nake ji, da kukan maraƙi can nesa. Sai aka ce, "Sadiyya."

Na ce, "Hamma."

Ya ce wayar wani Ba'abzine ce ya ara, a bakin rijiya aka kunna masa saƙon. Ya ce, "Da gaske ne Sama'ilu?" Na ce wallahi da ƙafarsa ya zo. Na ji yana fitar da numfashi, ya daɗe. Sannan a hankali ya ce, "Tana kusa?"

Shatu ta riga ta zube a ƙofar ɗaki ta toshe baki da mayafi. Na ɗaga labule na shiga, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na miƙa wa Inna wayar. Ba ta karɓa ba. Ta gyara ɗankwali, ta kawar da kai, ta dubi bango.

Ta ce, "Shanun sun sha ruwa?"

Na zaci layin ya yanke. Maraƙin ya sake kuka. Sai muryar Hamma ta fito, a karye.

"Sun sha."

Inna ta gyaɗa wa bangon kai. Ta ɗaga murya ta ce, "Shatu, tuwon jiyan nan, in da saura, ɗumama mini."